Ƙafafun Balena

Kwana tara muna tonon wani tudu a hamadar Ocucaje,
inda ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya ratsa.
Ruwan jarka ya yi ɗumi kamar shayi.
Ni aikina buroshi ne da haƙuri,
sai tura mota idan ta kafe a yashi.

Dakta Zoila ta ce nan teku ne a da.
Na yi dariya a ciki.
Teku na san shi, yana can yamma,
shi ya cinye ƙuruciyar babana
ya bar masa gishiri a gwiwa.
Amma ga haƙoran kifi a cikin rairayi,
ga ɓawon kawa inda kwaɗo bai taɓa kuka ba.
Ƙasa ba ta ƙarya,
jinkirin magana ne da ita.

Ran Laraba, rana ta take tsaka,
buroshina ya ci karo da wani abu.
Dutse ne,
amma dutsen da ya taɓa yin tafiya.
Na share, na hura, na sake sharewa.
Yatsa ya fito. Wani ya biyo shi.
Dakta ta durƙusa, ta manta da hularta,
ta ce, Nicanor, kada ka yi numfashi.

Balena ce, in ji ta.
Wannan ƙatuwar da masunta ke kauce wa,
mai feso ruwa ta tsakar kai,
mai shayar da ɗanta a ƙarƙashin igiya.
Kakar kakarta ce kwance a nan,
da ƙafa huɗu, da ƙugu, da idon sawu,
har da ɗan kofato a bakin yatsa.
Ta taka laka, ta sha hantsi a gaɓa,
dorina ma danginta ce ta nesa.
Shekara miliyan arba'in da ɗoriya.
Na gwada lissafin a yatsuna,
yatsun suka ƙare tun ban fara ba.

Kullum leƙen ruwa ake yi,
yau zuwa gwiwa, gobe zuwa wuya,
jika ya fi kaka daɗewa a ciki,
har ranar da aka haifi wanda bai san gaɓa ba.
Ƙafa ta yi ta ƙanƙancewa
kamar zumuncin da aka daina ziyarta.

Muka naɗe ta da filasta da tsumma
kamar mai karaya,
mutum shida muka ɗaga, Fermín yana ta zagin ƙashin bayansa.
Za a kai ta Lima, a ba ta lamba,
a raɗa mata suna mai tsawon igiyar rijiya.

Da dare na isa gida a Pisco.
Baba Eleuterio na kan kujerar da ta zame masa ƙafa
tun shekara uku da suka wuce.
A tudu sai an riƙe shi.
Amma ka sa shi a kwalekwale,
ka ga yadda kafaɗarsa ke tuna komai.

Na nuna masa hoton a waya.
Ya matso da ita kusa da ido,
ya ƙirga yatsun da babban yatsansa mai kanta.
Na ce, Baba, tafiya take yi a da, irin tamu.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Igiyar ruwa na bugun gaɓa a bayan katanga.

Can ya ce,
to, ba ta yi asara ba.
Ya shafa gwiwarsa.
Gobe ka tashe ni da asuba,
ka ce wa Fermín ya zo da baro.