Harshe Tsakanin Haƙora

Kwana tara suka rage in tsaya gaban malamai.
Minti goma aka ba ni, ba daɗi ba ragi,
in faɗi abin da na gano game da jar akuya
da harshen da ban sha a nono ba.

Abin faɗar na san shi kamar yunwar cikina:
damina biyu ina bin garke daga Kware zuwa Wamakko,
ina buɗe bakin ɗan akuya in ƙirga haƙora,
ina shafa fata in ji inda kaska ta yi ɗaki.
Hatsi na nan cikin rumbu.
Ƙofar rumbun ce ta yi ƙunci.

Malam Jelani ya yago 'yar takarda,
ya ce, "Riƙe ta gaban leɓe, ki ce pipul."
Na ce fiful. Takarda ko gezau.
Ya ce, "Rufe leɓe, tara iska, sannan ki sake ta."
Na ce, Malam, ka yi mini uzuri,
mu da fata ma hwata muke ce mata,
yau an ce in raba tagwayen
da kunnena bai taɓa jin bambancinsu ba.

Da dare aka ɗauke wuta, na kunna kyandir.
Fi sai ta sa harshen wuta ya rusuna,
pi kuwa, in ta fito daidai, sai duhu.
Ban taɓa murna da duhu ba sai ran nan.
Kwalin ashana guda na ƙarar kafin asuba.

Sai ɗayan harafin, mai son harshe ya leƙo
tsakanin haƙora kamar ƙadangare a tsaga.
Ina gaban madubi Inna Tumba ta ɗaga labule:
"Ke ɗiyag ga, wa kika yi ma gwalo?"
Na ce Turanci ne, Inna.
Ta ce, "Maganad da sai an yi gwalo?
Allah shi kyauta."

Na ɗauki muryata a waya, na saurara.
Kunya ta rufe ni.
Gudu nake kamar ɗan kabu-kabu ya hango hadari,
kalma na taka ƙafar kalma, ba mai cewa sannu.
Na fita turke, na jera awakinmu bakwai,
na yi musu jawabi tun daga sallama.
Su suka koya mini tsayawa:
in na yi shiru, sai su daina tuƙa, su ɗago kai.
Bunsurun dai ya fice tun ban kai rabi ba.

Ranar ta zo da zafin da Sakkwato ta iya.
Zaure a Dundaye, fanka na juya wuta,
mutum biyar bayan tebur, biro a hannu.
Ina kan hoto na uku allo ya mutu.
Takarda na rawa a hannuna
fiye da yadda pi ta taɓa kaɗa ta.
Na kife ta.
Na nemi ido guda, na samu, na tsaya,
na ja numfashi kamar ina bakin turke.

Baƙon malami, wanda ya zo daga kudu,
ya turo tabarau, ya matso da kujera.
Na ce a raina, harafi zai kama.
Kaska ya tambaya: wane wata ta fi yawa,
kuma me makiyayi ke shafawa kafin likita ya iso.
Muka shige minti goma, ba wanda ya dubi agogo.

A bakin ƙofa Malam Jelani ya ɗaga yatsa uku.
"Sau uku ta kuɓuce miki."
Sannan ya haɗa hannuwan ya tafa.

Na iso gida da la'asar sakaliya.
Inna na tsinke zogale, ba ta ɗago ba.
"An ƙare gwalon?"
Na ce da saura, Inna.
Aiki Ladidi ta sayo mini ashana.