Taƙi Ɗaya na Igiya

A Namakkal, kafin rana ta hau kan dutse,
na riga na aza ƙwai a sikeli.
Giram hamsin da biyu.
Na ɗauko wani. Hamsin da ɗaya.
Watan jiya hamsin da takwas suke,
suna cika tafin hannu da ɗumi da nauyi.

Kaji dubu huɗu Kuppusami ya rasu ya bar mini,
da bashin banki,
da littafin lissafi mai ƙanshin man kwakwa.
Da waken soya ya yi tashin gwauron zabi
sai na ce wa mai injin niƙa:
sa tunkuzar gyaɗa, ƙara dusar shinkafa,
ciki dai ba ya tambayar sunan abin da ya cika shi.

Suka ci, suka ƙoshi,
suka koma tsigar juna.
Gashin wuya ya taru a ƙarƙashin keji,
tire goma sha biyu suka ɓace daga kowace safiya.
Na ɗora wa zafi laifi.
Na ɗora wa Murugesan mai ba su ruwa,
har na yanke masa kuɗin shayi.

Ran Asabar Tenmoli ta zo daga kwaleji,
ko jaka ba ta ajiye ba
ta cusa hannu cikin buhu,
ta murza, ta shinshina, ta karanta takardar mai niƙa.
Ta ce, "Inna, guganki babba ne,
igiyar ce ta gaza da taƙi ɗaya.
Ƙwai gini ne, tubalinsa iri-iri.
Wasu kaza ke bugawa da kanta,
wasu sai an miƙa mata.
In metiyonin ya ƙare, magini ya zauna,
ko da sauran tubali sun kai rufi."

Farin gari ne, ba kyan gani,
warinsa kamar kabeji ya kwana a tukunya.
Kilo ɗaya da rabi cikin tan guda,
da ɗan laisin a bayansa.
Na ce a ninka, mu huta.
Ta riƙe mini wuyan hannu:
"Igiya in ta yi yawa, ƙafa take harɗewa.
Rarar a kashi za ta fita,
ta yi miki yaji a ido, kuɗinki ya bi iska."

Mako guda, shiru.
Na biyu, hamsin da huɗu.
Yau hamsin da shida,
tire tara sun dawo, uku ina jira.
Wuyan kajin ya fara tsiro, fari-fari kamar auduga.

Na lissafa kuɗin shayin Murugesan na kwana arba'in,
na ƙulle a takarda, na ajiye masa kan famfo.
Ya ɗauka. Bai ce komai ba, ni ma haka.
Motar makarantu tana ta oda a bakin ƙofa,
direba na tambaya ko yau lodin ya cika.