Akwatin Delmar

Ni ke riƙe da asusun reshenmu.
Gwangwanin biskit ne, murfinsa ya lotse,
shekara goma sha ɗaya yana kwana ƙarƙashin gadona
a wannan lungu na tuddan Ozak.

Daren Asabar, ƙarshen Fabrairu,
dusar ƙanƙara ta kai ƙauri.
Muka tura jar motar 'yan kwana-kwana waje ta sha sanyi,
muka share zaurensu, muka jera tebur tara.
Opal Strayhorn ta zo da waken da ta ɗora tun asuba,
fasto ya kawo kujeru, biyu guragu.

Kakana ya yi shekara talatin
kunnensa bai ji kukan talotalon daji ba.
Ya ce a shekarun yunwa aka cinye su,
gatari ya bi sauran har maƙwancinsu.
Ba da mugunta ba, in ji shi,
kowa dai tukunyarsa yake leƙawa.
Ina ɗan shekara tara aka kawo goma sha huɗu
cikin kwalaye, a bayan akori-kura,
aka buɗe su a gonar Delmar Pruitt.
Suka bugi iska kamar ana kakkaɓe bargo.
Delmar ya cire hula. Bai ce uffan ba.

Wendal mai gwanjo ya hau benci,
harshensa ya fi ƙafar barewa sauri.
Ya sayar da wuƙa mai ƙotar ƙaho,
da lodin itacen wuta,
da kwikwiyon da ya yi fitsari a takalminsa.
Sannan ya ɗaga akwatin, zaure ya yi tsit.

Ɗan akwati ne na itacen al'ul, bai fi tafin hannu ba.
Ka goga murfin a bakinsa, sai ya yi muryar mace
tana kiran namiji daga ƙasan kwari.
Delmar ya sassaƙa shi da hannun da ya rage yatsu uku.
Shekara shida da binne shi,
shekara shida muna sayar da abu ɗaya.
Wanda ya saya ya yi bazara guda da shi,
ya dawo mana da kayanmu.
Babu wanda ya kafa dokar,
babu wanda ya taɓa karya ta.

Bana Harlan Voss mai faci ya ɗaga hannu
har dala ɗari huɗu da goma.
Na san aljihunsa, ina bin sa kuɗin rajistar bara.
Ya karɓa, ya miƙa wa 'yarsa Junie,
ta riƙe shi kamar ƙwai.

Jikar Opal, wadda ta zo daga birni, ta tare ni a bakin ƙofa:
ku ne masu harbin tsuntsun,
ku ne kuma masu yi masa bara?
Na buɗe baki, amsa ta maƙale.
Na ce zo ki taya ni ƙirga.

Dubu uku da ɗari biyu da sha bakwai,
da maɓallin riga da wani ya jefa.
Kaso ɗaya na irin ciyawa ne,
inda 'yan tsaki za su tsinci fara.
Kaso ɗaya na wutar da muke sa wa ƙirare da gangan,
mu tsaya a kanta har ta mutu.
Sauran lasisin yara bakwai
da iyayensu ba su da hali.

Afrilu, kafin gari ya waye,
mu uku jingine da kututture ɗaya,
raɓa ta jiƙa mana wando.
Junie ta goga murfin, hannunta na rawa,
muryar ta fito a karkace.
Shiru.
Sai daga kan tudu, gululululu,
wani ya karɓa daga rafi,
na uku ya yanko daga tsohuwar gonar Delmar.

Ya sauko yana jan fiffike a ƙasa,
gemu na lilo, wutsiya a baje.
Harlan ya zungure ta da gwiwar hannu.
Bindiga na kwance a cinyarta,
ita kuwa ta sake goga murfin,
tana so ta ji ko zai ƙara amsawa.