Ta Talatin da Biyu

A bayan takardar kuɗin wuta Griselda ke ajiye lissafi:
ja, baƙa, mai ruwan zuma, wadda wuyanta ya karkace,
talatin da ɗaya cikin shekara ashirin.
Ni ban ƙirga ba. Mai ƙaiƙayi ba ya ƙirga susa.

Duk jitar bes ne, masu kaurin murya,
tsirkiya huɗu-huɗu, sai ɗaya mai biyar
da muka rabu cikin mako guda
don babban yatsana ya rasa wurin kwana.

Ran Lahadi nakan gangaro daga tudun Barón
tun hazon teku bai naɗe tabarmarsa daga Valparaíso ba,
in ratsa masu tsofaffin takalma da kawunan famfo
in tsaya gaban Don Evaristo.
Ko kai ba ya ɗagowa daga shayinsa.
"Nibaldo, wace ce ta yi laifi kuma?"
In ce nauyi gare ta, tana cin kafaɗa.
In ce da hanci take magana.
Ya ce, "Jingine ta can. Ɗauki waccan, cika dubu arba'in."

Na iya ciniki, kada a raina ni.
Na taɓa sayen wata hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa,
gishiri ya cinye mata ƙarafa,
na kwana uku ina dirza da tsohon buroshin haƙori,
na sayar ninki biyu.
Ribar ba ta hau tudu tare da ni ba.
A gindin matakala na ba da ita kafin alƙalami
kan wata shuɗiya da ko kukanta ban ji ba.

Daren farko kullum zuma ne.
In kashe fitila, in bar hasken tashar jirage
yana lasar fentinta.
Kwana goma, kwana ashirin,
sai kunne ya fara kawo gulma.
Akwai wani amo da ƙirji ke ji kafin kunne,
irin na babban jirgi in zai bar gaɓa da asuba,
gilashin taga ya kama rawa, haƙarƙari ya amsa.
Shi nake bi.
Kullum yana cikin wadda ke rataye a rumfar wani.

Casimiro mai ganga, shekara talatin da fata ɗaya, ya ce,
"Masu rawa ba su taɓa jin bambanci ba.
Ni da ke bayanka ma ban ji ba."
Na yi mako biyu ba na gaishe shi.

Lahadin da ta wuce na gan ta
bayan wani tsohon keken ɗinki, baƙa, ta sha duniya.
Na juya ta. A bayan wuya, can ƙasa,
ga ɗan kifi an zana da jan farce.
Hannun Amparo ne, tana 'yar shekara biyar,
ranar da na daka mata tsawa har ta ɓuya ƙarƙashin tebur.
Yanzu tana Antofagasta, takan kira in ta tuna.
Ta farko ce.
Wani ya sauya mata maɓallai, wani ya ƙona ta da taba,
ba wanda ya goge kifin.

Ban taya ba.
Don Evaristo ya ji nauyina, ya rage da kansa.

Matakala ɗari da sittin na hau da ita a goye.
Griselda ta dubi kifin, ta dube ni,
ta ɗauko takarda, biro ya tsaya a sama:
sabuwar lamba, ko a koma ɗaya?
Na jona waya. Na taɓa tsirkiya mafi kauri.
Kofuna suka gaisa da juna a kan kanta,
karen maƙwabta ya yi shiru.
Na ce shi ke nan, tafiya ta ƙare.

Yau Alhamis.
Tana nan jingine, ina son ta, Allah shaida ne.
Sai dai wajen gaɓa ta bakwai
akwai ɗan ƙugi, kamar ƙuda a kwalba.
Kuma ranar nan, ina ƙirga wa Don Evaristo kuɗi,
ido cike da ƙwalla,
ta gefen kafaɗarsa
na hango wata koriya.