Roba Uku da Tukunyar Miya

Rediyon Jadi na buɗe a kan gwiwata,
hanjinta a waje, ina laluben wayar da ta tsinke,
sai ta yi tari, ta kama magana:
wai akwai daftarin doka a gaban manya
a kan mai gida da ɗan haya.
Na ajiye ƙarfen dalma. Ya huce ban sani ba.

Wai in za a tashe ka, sai da wa'adi a rubuce,
ba sallama bayan la'asar ba:
"Ɗana zai dawo daga tafiya, ka nemi wuri."
Wai kuɗin ajiya a yi masa iyaka.
Wai rufi in ya yi yoyo, ciwon mai rufi ne.

Na ɗaga kai. Kwanon nan na Bagalam
ya san ni, na san shi.
Damina bakwai muna jera masa roba uku,
ta huɗu tukunyar miya.
Tsahara ta iya jan katifa cikin duhu
yaro bai ko motsa ba.

Jika goma sha biyar duk wata,
ba takarda, sai zanen gawayi a bayan ƙofa.
Bara aka shafe bangon da farar ƙasa,
wata uku suka bi gawayin.
Na sake biya. In kai ƙara da wane shaida?

Amma Hajiya Tabawa ba kura ba ce.
Ɗaki huɗun nan su ne gonarta tun rasuwar Malam.
Jiya ta zo da takardar likita a ƙullin zane,
ta ce, "Illo, ni ma na ji.
In doka ta ce in sake kwano,
ita za ta saya mini?"
Na rasa amsa. Na miƙa mata kujera,
ta zauna daidai inda ke ɗiga.

Ban san ranar da maganar za ta baro Yamai ba,
ko za ta iso Maradi da ƙafafunta duka.
Na dai sayi littafi na dala ashirin,
na rubuta wata, na rubuta kuɗi,
na bar fili ɗaya: kwano, a cire cikin haya.
Ta daɗe tana kallon filin.
Sannan ta shafa tawadar biro a babban yatsa,
ta dangwala, ya ɗan karkace.

Hadari ya haɗo ta gabas.
Tsahara, fito da robobin tukuna.