Tuzuran Gonar Tuffa

Tun raɓa ba ta bar ganye ba na isa Wapato,
na sauke tarko ashirin da uku daga rassan tuffa,
kowanne da danƙo a ciki, asu na manne,
fiffike ruwan toka, bakinsa kamar an goga tagulla.

Dattijo Orville na jingine da akori-kurarsa.
Bara tsutsa ta huda masa rabin gona.
Bana ya rataya ƙamshin mace a kowace bishiya,
ƙamshin kwalba, na yaudara,
don namiji ya kwana sallama
ƙofa dubu, ba mai amsawa.
"Dabarar ta ci?" Tambayarsa ke nan kullum.
Na ce sai na tambayi mazan.

Maza kuwa ba sa faɗa.
Mace, in ta sadu, kyautar na nan a cikinta,
ko ɗan koyo zai gani.
Namiji sai an bi shi da allura,
a ɗigon ruwan gishiri, ƙarƙashin madubi,
in tsaga ciki, in jawo zaren nan
da bai kai kaurin gashin gira ba.
In ya cika fari kamar kindirmo, tuzuru ne,
ya mutu da sadakinsa a aljihu.
In ya yi garau, ya riga mu,
wata na can tana jera ƙwai a bayan ganye.

Tuzuru. Tuzuru. Ango. Tuzuru.
Wuyana ya ƙage kafin la'asar.
Arba'in da ɗaya ba su samu ba, shida sun samu,
ɗaya ya ƙi ba ni amsa,
rabi fari, rabi ruwa.
Na daɗe a kansa. Na sa alamar tambaya.

Orville ya yi dariya a waya,
ya ce zai aiko kwando in an yi girbi.

Da magariba, a titin Yakima,
ƙamshin gasasshiyar masara ya kama ni.
Na bi shi, na tsallake layi biyu,
har na fara jin muryar Inna Dudu a bakin tashar Gusau
tana fifita garwashi da murfin kwano.
Na tarar da wani saurayi da amalanke,
yana yi mini magana da Sifaniyanci.
Na sayi ɗaya. Na tsaya ƙarƙashin fitilar titi ina ci,
ni da ƙwarin da ke kewaya ta.