Hoton Kan Baba

A hawa na huɗu, wani asibiti a Sheffield,
Dakta Holroyd ta juyo mini da allon kwamfuta.
Ga kan Baba Tanimu, an yanka shi faifai-faifai,
ba wuƙa, ba ɗigon jini,
toka-toka kamar ƙwallon goruba da aka fasa.

Ta ɗora bakin biro. Nan ne rumbun sunaye,
kin ga yadda ya motse.
Nan kuma hanyoyi suke kwana,
shi ya sa ya ɓata a titin
da ya shekara ashirin da shida yana tuƙa bas.
Ban musa ba. Matar ta san aikinta,
ta miƙo mini tishu tun kafin in san zan nema.

Daren biyar ga Nuwamba, gari na wasan wuta.
Ina zaune gefen gadonsa, yana ce mini Malama,
yana tambaya ko na ga 'yarsa.
Sai wata ta fashe dab da taga.
Ya miƙo hannu biyu, masu ƙamshin sabulun asibiti,
ya toshe mini kunnuwa
kamar ina 'yar shekara biyar a Burngreave,
ni da na ba arba'in baya.

Washegari na ba ta labari.
Ta ce sabo yana da nasa ɗakin, can ƙasa,
gara ba ta saurin kai masa.
Ta nuna mini. Na gani.
Na ce: Dakta, na ga inda hannu ya haddace hanyarsa.
To wanda gabansa ya faɗi domina,
a wane faifai yake?

Ta cire tabarau, ta daɗe tana gogewa.
Ta ce injinmu yana ganin inda jini ke gudu.
Yadda abin yake daga ciki,
ba mu da mudun da zai auna.

An san zurfin rijiya, an san tsawon guga,
ƙishirwa ce dai ba ta fito a hoto ba.

Na hau bas zuwa gida, na zauna bayan direba.
Ruwa na tsiyaya a gilashi.
Har muka wuce Spital Hill
kunnuwana da sauran ɗumi,
ban kuma san sunan wanda ya bar shi ba,
sai dai in ce Baba.